KARTAR DA TURAWA KE TAMBAYA WA ZA SU BAUTA WA

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi a Agege, ko a Sabon Badun, ko a bakin tashar manyan motoci a Anacha, ya san karta. Wasa ne na masu jiran lodi da waɗanda kasuwa ta yi wa sanyi, wani lokaci kuwa hanya ce ta raba mutum da kuɗin motarsa na komawa gida. Ba wanda ya taɓa ba ta wata daraja da ta wuce haka. To, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata 'yar'uwar wannan karta da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta. Mutum zai shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya kunna kyandir, ya cuɗa ta, sa'an nan ya tambaye ta wane ne cikin gumakan mutanen dā yake kiransa, domin ya san wanda zai bauta wa.

Sunanta Tarot, amma Faransawa ba su furta harafin ƙarshe, sai su ce taro. Ba taron jama'a ba ne, ba kuwa taron nan na kwabo uku da dattawa suka sani kafin zuwan naira ba.

Kati 78 ne a cikinta. Guda 56 sun kasu gida huɗu kamar kartar da aka saba, watau gidan ƙoƙo, da na takobi, da na sanda, da na kuɗi, kowane gida da kati 14. Sauran 22 ɗin su ne manya, kowanne da hotonsa da sunansa. Akwai Wawa, da Mai Dabo, da Sarki, da Sarauniya, da Masoya, da wani tsoho mai fitila, da wani da aka rataye ta ƙafa kansa yana ƙasa. Akwai Mutuwa, da Shaiɗan, da wata hasumiya da aradu ta faɗa wa, da Tauraro, da Wata, da Rana, da Tashin Kiyama, da Duniya. A kan waɗannan manyan ne aka gina dukan zancen.

YADDA AKE TAMBAYAR

A ce wata budurwa ce a London ko a Chicago, wadda iyayenta suka daina zuwa coci tun tana goye. Ta girma ba ta da wani addini, amma zuciyarta tana son abin jingina. Ta karanta labarin gumakan Girkawa da na Masarawan dā a makaranta, ta ga wasu a sinima. Sai ta sayi kartar nan a kantin littattafai, ko ta wayarta, da ɗan littafin fassara a cikin kwalin.

Ba tsari ɗaya ake bi ba, kowane marubuci da nasa, amma galibi haka yake tafiya. Za ta zaro kati uku, ko biyar, ta jera su a kife. Na fari shi zai nuna halin abin bautar, ko namiji ne ko mace, mai zafi ne ko mai sanyi. Na biyu ya nuna ƙasar da ya fito. Na uku ya nuna alamar da yake aiko mata, na huɗu abin da yake so daga gare ta, na biyar kuwa abin da za ta samu a wurinsa. In ta buɗe su sai ta duba jadawalin da aka shirya. In Rana ce ta fito, to, Apollo ne na Girkawa, ko Ra na Masar. In ratayayyen nan ne, to, Odin ne na mutanen arewacin Turai, wanda tatsuniyarsu ta ce ya rataye kansa a bishiya dare tara don ya sami ilmin haruffa. In macen nan ce mai jinjirin wata a ƙarƙashin ƙafarta, to, Isis ce, ko Hekate, ko Artemis. Mutuwa tana nuni ga Hades, ko Anubis mai kan dila. Hasumiyar da aradu ta faɗa wa kuwa wasu su ce Thor ne, wasu ma har su ce Shango ne na Yarbawa.

Bayan wannan sai jiran tabbaci. Ana gaya mata ta sa ido kwana kaza, ta lura da mafarkinta da abin da take gamuwa da shi a hanya. In an ce Odin ne, sai ta fara ganin hankaki ko'ina, alhali kuwa hankakin nan suna garin tun ba a haife ta ba. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Daga nan sai ta keɓe ɗan teburi a kusurwar ɗaki, ta ajiye ɗan gunki da kyandir da turare, wani lokaci da zuma ko giya ko 'ya'yan itace.

Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikinsu ba su son kalmar bauta. Sun fi son su ce suna aiki tare da gunki wane, kamar yadda ɗan kasuwa ke faɗin abokin cinikinsa. In tafiya ba ta yi daɗi ba, akan yi sallama cikin ladabi, a sake cuɗa karta a nemi wani. Kuma ba duka ne suka gaskata akwai wasu halittu a waje da ke amsa musu ba. Wasu suna bin ra'ayin da aka ɗebo daga littattafan Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwan nan na Suwizalan, su ce gumakan nan siffofi ne na halayen da ke cikin zuciyar ɗan Adam, kartar kuwa madubi ce kawai.

Su nawa ne? A ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales cikin 2021, mutum kamar 74,000 suka rubuta cewa su masu bin addinin gumakan dā ne, wasu kamar 13,000 kuma suka ce su 'yan Wicca ne, watau sabon addinin tsafin nan da Gerald Gardner, wani tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, ya fito da shi fili cikin littafinsa na 1954. Cikin mutum wajen miliyan 60 wannan ba yawa ba ne. Amma a wannan ƙidayar ce Kiristoci suka kasa rabin jama'a karo na fari, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa suka kai kashi 37 cikin 100. A Amurka, wani bincike da cibiyar Pew ta fitar cikin 2025 ya nuna kamar mutum 11 cikin 100 na manya suna duba wannan karta aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yake yawancin masu irin waɗannan dube-dube sun ce don nishaɗi suke yi. Masu neman abin bauta da ita 'yan kaɗan ne a cikin waɗannan, sai dai muryarsu ta fi yawansu, domin hotunansu masu motsi sun cika TikTok da YouTube, kuma wayar da ke hannun yaro a Mushin ko Shagamu ba ta san iyakar ƙasa ba.

ASALINTA WASA CE

Mai karatu zai zaci abin da ake yi wa irin wannan babbar tambaya lalle daga wani tsohon ɗakin tsafi ya fito. Ko kusa.

Karta ta shiga Turai ne wajen 1370, kuma daga ƙasashen Musulmi ta shiga. A gidan ajiye kayan tarihi na Topkapi a Istanbul akwai wata tsohuwar karta ta zamanin sarakunan Mamluk na Masar, wadda wani masani mai suna L. A. Mayer ya bayyana wa duniya cikin 1939. Gida huɗu ne da ita: ƙoƙo, da takobi, da kuɗi, da sandar buga ƙwallon doki, wasan nan da aka san Katsina da shi. Manyan kowane gida su ne malik da na'ibansa biyu, kuma babu hoton mutum a jikinsu, sai zane-zanen ado da rubutu. Daga kalmar na'ib ne ake ganin mutanen Sifen suka sami sunan da suke kiran karta da shi har yau, watau naipes. Turawan lokacin ba su san ƙwallon doki ba, sai suka mai da sandar ta zama kulki. Ba a daɗe ba hukumomi suka fara kuka da caca, har birnin Florence ya kafa dokar hana wasan cikin 1377.

Bayan kamar shekara 60 sai masu sarauta a arewacin Italiya suka ƙara wa kartar wasu katuna masu hoto waɗanda ke cinye kowane gida. An sami ambatonta a rubuce a Florence cikin 1440, da kuma a littafin kashe kuɗi na fadar Ferrara cikin 1442. Masu zane na fada ne ke yin ta da hannu, har da ruwan zinariya. Hotunan kuwa ba wani asiri a cikinsu. Abubuwa ne da kowane Ba'italiye na zamanin yake gani a bangon coci da wajen bukukuwa: Paparoma, da sarki, da mutuwa mai lauje, da ranar hisabi.

Abin dariya, akwai wata karta da ta riga wannan, wadda gumaka ne sosai a cikinta. Sarkin Milan, Filippo Maria Visconti, ya sa wani malamin fadarsa, Marziano na Tortona, ya tsara masa karta mai gumakan Rumawa 16, su Jupiter da Apollo da Venus, wajen 1420. Mai rubuta tarihin sarkin ya ce zinariya 1,500 aka biya. To, amma ko a nan ba wanda ya tambayi Jupiter kome. Aikinsa kawai shi ne ya cinye katin da bai kai shi ba. Haka nan daga baya, a wasu yankunan Faransa da Suwizalan, da aka ga bai dace a riƙa buga hoton Paparoma a teburin caca ba, sai masu buga karta suka cire shi da takwararsa mace, suka sa Jupiter da Juno a madadinsu. Watau a wurinsu gunki ne abin da za a iya wasa da shi ba a ɓata wa kowa rai ba.

Shekara fiye da 300 ana wasan nan a gidajen giya da zaurukan masu kuɗi. Har yanzu ma ana yi. A Faransa akwai ƙungiyar ƙasa ta masu wasan taro da aka kafa cikin 1973, tana shirya gasa, kuma a Austiriya da wasu sassan Italiya dattawa suna nan suna buga abinsu, ba ruwansu da duba.

KUSKUREN DA YA ZAMA GADO

Cikin 1781 wani malamin Kirista ɗan Furotesta da ke zaune a Paris, Antoine Court de Gébelin, ya buga juzu'i na takwas na wani ƙaton littafinsa kan asalin duniya. A ciki ya ba da labari cewa ya je gaida wata mace mai daraja, ya tarar ana wannan wasa, yana duban hotunan sai nan take ya gane littafin asirin limaman Masar ne na dā, wanda suka ɓoye cikin sigar wasa don kada ya ɓata. Har fassarar sunan ya kawo, wai da harshen Masar yana nufin hanyar sarki.

Hujjarsa? Babu. A lokacin babu mutum ɗaya a duniya da ke iya karanta rubutun Masarawan dā. Sai cikin 1799 aka tsinci dutsen Rosetta, sai kuma 1822 Champollion ya warware rubutun. Da aka iya karantawa, ba a sami kome game da karta ba, ba a kuma sami kalmar da ya faɗa ba. Amma kafin nan zance ya riga ya yi nisa. Wani mai sayar da iri a Paris, Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya riga ya mai da duba da karta sana'a. Ya kama wannan labari hannu biyu-biyu, ya buga kartarsa ta duba wajen 1789, ya ce littafin Thoth ne, gunkin rubutu na Masar.

Wajen 1855 sai wani Bafaranshe kuma, Éliphas Lévi, wanda ya yi karatun zama limamin Katolika ya bari, ya lura cewa manyan katunan 22 ne, haruffan Ibraniyanci su ma 22 ne, sai ya ɗaura musu aure. Cikin 1888 aka kafa wata ƙungiyar asiri a London mai suna Golden Dawn, wadda har mawaƙin nan W. B. Yeats ya shiga. Su ne suka raba wa manyan katunan taurari da buruji. Mai Dabo suka ba shi Uɗaridu, Sarauniya suka ba ta Zuhura, Hasumiya Mirrihu, Juyin Sa'a Mushtari, Duniya kuwa Zuhalu.

A nan gadar take. Malamin hisabi a Kano ko Zariya ya san taurarin nan da sunayensu na Larabci, amma a bakin Turawa sunayen gumakan Rumawa suke ɗauke da su: Mercury, Venus, Mars, Jupiter, Saturn. Da zarar an ce katin Sarauniya na Venus ne, sai a ce ai Venus ita ce Aphrodite ta Girkawa, Aphrodite kuwa ta yi kama da Freyja ta mutanen arewa, da Hathor ta Masar, har a gangaro kan Oshun ta Yarbawa. Jadawalin nan da budurwar London ke dubawa, wanda take zaton gadon dubban shekaru ne, tushensa bai kai shekara 150 ba.

Kartar da aka fi amfani da ita yau an buga ta ne a London cikin Disamba 1909. Arthur Edward Waite ya tsara, wata mace, Pamela Colman Smith, ta zana duka 78 ɗin cikin 'yan watanni. Ita ce ta sa wa ƙananan katunan hotunan mutane suna wani abu, wanda ya sa ko wanda bai san kome ba yana iya duba ya ƙirƙiro labari. Ta yi ƙuruciyarta a Jamaika, kuma cikin 1899 ta buga littafin tatsuniyoyin Anansi, gizon da bayi suka tafi da labarinsa daga Afirka ta Yamma, ɗan'uwan Gizo mijin Ƙoƙi. An biya ta ladanta sau ɗaya, shi ke nan. Ta shiga ɗarikar Katolika cikin 1911, ta mutu cikin 1951 da bashi a kanta, shekaru da yawa kuma ana sayar da kartar da sunan Waite da na kamfanin da ya buga, ba nata.

ME YA SA TAKE "FAƊIN GASKIYA"?

Masu yi suna rantsuwa cewa amsar tana dacewa. Lissafi yana da abin cewa a nan. In mutum ya zaro kati biyar cikin 78, sau 82 cikin 100 aƙalla ɗaya daga manyan nan 22 zai fito. Kowane babban kati kuwa an jingina masa gumaka biyar, ko goma, daga ƙasashe dabam-dabam. In babba bai fito ba, ƙananan ma suna da nasu: ƙoƙo na gumakan ruwa ne, sanda na wuta, takobi na iska, kuɗi na ƙasa. In kati ya fito a juye, akwai wata fassarar kuma. Ashe babu yadda za a yi a zaro kati a rasa gunki. Tambayar da ba ta da amsar "babu kowa" kuwa, ai tun kafin a yi ta an san inda za ta ƙare. Cikin gumaka goman da kati ya nuna, mai tambaya ne ke zaɓen wanda zuciyarsa ta kwanta da shi, galibi kuwa wanda ya riga ya ji labarinsa ya so shi.

Cikin 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 wata jarrabawa, ya ce zai ba kowa bayanin halinsa shi kaɗai. Bayan mako guda ya raba musu takardu, ya ce kowa ya auna yadda bayanin ya dace da shi, daga sifiri zuwa biyar. Matsakaicin abin da suka ba shi ya wuce huɗu. Sa'an nan ya gaya musu cewa takarda iri ɗaya ce ya ba su duka, kuma daga wani ɗan littafin duban taurari da ya saya a wurin mai jarida ya tsinto yawancin jimlolin. Duk mai bugun ƙasa da ya daɗe a sana'a ya san wannan ba tare da ya shiga jami'a ba: in baƙo ya zo daga nesa neman kuɗi, ka ce masa akwai mai yi masa hassada, akwai kuma wata magana ta gida da ke damunsa, da wuya ka kuskure.

MAƘWABTA BA HAKA SUKE YI BA

Wanda ke zaune a ƙasar Yarbawa ba sai an gaya masa ba cewa neman sanin abin bautar mutum ta hanyar duba ba Turawa suka fara ba. Babalawo yana da ƙwarar manja 16 da faifansa na katako, ko sarƙar nan da ake kira opele. Alamun Ifa 256 ne, kowace da baitocinta da ake haddacewa, kuma almajiri yakan yi shekaru a gaban malaminsa kafin a bar shi ya duba wa wani. Cikin 2005 hukumar UNESCO ta sa Ifa cikin abubuwan gadon ɗan Adam. Bayin da aka kwashe zuwa Kyuba da Barazil sun tafi da wannan ilmi, kuma har yau a Havana da Bahia, in ana son a san orisha da ke riƙe da kan mutum, manya ne ke zama su duba da ƙwarar manja ko da wuri 16. Ba shi ke zaɓe ba. Yana iya zuwa yana son Oshun a ce masa Ogun ne, kuma ba ɗaukaka ƙara. A Kyuba wanda aka yi wa wankan shiga yakan yi shekara guda cur cikin fararen kaya, da hane-hanen abinci da na hulɗa, waɗansu har iyakar ransa.

Saboda haka ne masu wannan addini suke jin haushi in suka ga an buga karta da hotunan Shango da Yemoja ana sayarwa a kantunan Amurka, yaro ya zaro kati ɗaya a ɗakinsa ya fito yana cewa shi ɗan Oshun ne. A wurinsu wannan kamar mutum ne ya naɗa wa kansa rawani a gaban madubi.

Haka abin yake a bori. Ba a taɓa jin wanda ya zauna ya zaɓi Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima don sunan ya yi masa daɗi ba. 'Yan bori cewa suke iska ce ke kama mutum, galibi ta hanyar ciwon da ya ƙi magani, sai an kai shi wurin manya an yi masa girka, an kashe kuɗi, an yi yanka, kafin a ce ga wanda ke kansa. Shi doki ne, ko goɗiya, ba mahayi ba. Ko mutum ya yarda da waɗannan al'adu ko bai yarda ba, zai ga bambancin: a can akwai jama'a, da manya, da nauyi da ke hawa kan mutum. Sabon abin da kartar taro ta kawo shi ne mai tambaya, da mai dubawa, da mai yanke hukunci duk mutum ɗaya ne, shi kaɗai a ɗaki.

Malaman Musulunci dai maganarsu a kan duba ba ta da rassa: haram ne zuwa wurin mai da'awar sanin gaibu, balle a nemi wani abin bauta ban da Allah, wanda shi ne shirka tsantsa. Cocin Katolika ma ta haramta kowane irin duba a littafinta na koyarwa. Har dokar laifuffuka da jihohin Kudu suka gada daga Ingilishi, a sashe na 424, ta tanadi ɗaurin shekara guda ga mai karɓar kuɗi da sunan faɗin abin da zai faru, ko da yake ba kasafai ake jin an kai wani kotu a kanta ba. A Ingila kanta sai 1951 aka soke tsohuwar dokar maita ta 1735, abin da ya buɗe wa su Gardner ƙofa.

TAMBAYAR ZENOFON

Har cikin masu bautar gumakan Girkawa na yau akwai masu sukar wannan hanya. Suna cewa Bagirken dā ba ya farautar gunki nasa na kansa. Yana yanka wa na gidansu, da na garinsu, da na sana'arsa, kamar yadda ya tarar ubansa yana yi. Gaskiya ne, amma ba duka ba. A Dodona, wani wurin duba a arewa maso yammacin Girka, an tono 'yan allunan darma da mutane suka rubuta tambayoyi fiye da 4,000 a kai, kuma tambayar da ke yawan dawowa ita ce: wane gunki zan yi wa yanka don in sami haihuwa, ko lafiya, ko albarkar dukiya? Tambayar tsohuwa ce. Kartar ce sabuwa.

Mafi shahara cikin masu irin wannan tambaya shi ne Zenofon, wani saurayi ɗan birnin Atina, almajirin Sokratis, wanda littattafan Larabci ke kira Suƙraɗ. Cikin shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, wani abokinsa ya aiko masa da takarda cewa ya zo ƙasar waje ya haɗa shi da Sairus, ƙanen sarkin Farisa, akwai samu. Ya nemi shawarar malaminsa. Sokratis ya ji tsoron kada mutanen Atina su ɗauke shi maci amana, domin Sairus ya taimaki abokan gabansu a yaƙi, sai ya ce masa ya tafi Delfi ya tambaya.

Zenofon ya tafi. Amma da ya isa bai tambaya ko ya yi tafiyar ko ya zauna ba. Cewa ya yi, wane gunki zai yi wa yanka don tafiyar da ya yi niyya ta yi kyau ya komo lafiya? Aka faɗa masa sunaye. Da ya komo ya ba da labari, Sokratis ya yi masa faɗa, ya ce ai ka riga ka yanke wa kanka hukunci, ka je neman hanyar aikata shi kawai. Amma tun da haka ka tambaya, sai ka yi abin da aka ce.

Ya yi yankansa, ya shiga jirgi. Ashe Sairus yaƙi zai kai wa wansa don ƙwace gadon sarauta. Aka kashe Sairus a Kunaksa, kusa da Babila, cikin ƙasar Iraƙi ta yau. Aka yaudari shugabannin sojan Girkawa aka kama su aka kashe, aka bar mutum wajen 10,000 a tsakiyar ƙasar abokan gaba, ba jagora, ba guzuri. Zenofon na cikin waɗanda aka zaɓa su ja su, suka yi watanni suna ratsa duwatsu da ƙanƙara kafin su ga Baƙin Teku. Shi da kansa ya rubuta labarin, har da faɗan da malaminsa ya yi masa. Daga baya Atina ta yanke masa hukuncin kora, Sokratis kuwa an kashe shi cikin shekara ta 399, ba su sake ganin juna ba.